Riga Mai Kalmasa Uku

Kwali ne ya haɗa su, kwali na goma sha bakwai, wanda ya ƙi tsayawa a kilo ashirin.

Ɗakin ajiyar na masallaci da coci ne. Shekara da shekaru suna tara tufafi da barguna da magani tare, suna aikawa wani sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar waje. Liman da Fasto kan yi musu kullum a kan wanda ya fi iya tuƙi, alhali dukkansu babu na yabo, amma a kan kayan taimako bakinsu ɗaya.

Ita teburin ɗinkinta na kusa da taga. Shi kuwa sabon zuwa ne, aikinsa auna kwalaye da liƙa musu lamba.

"'Yar Tela, kwalayenki sun fi na kowa nauyi," ya ce. "Ko duwatsu kike aika wa bayin Allah?"

"Sikelinka ne ba shi da lafiya, Mai Sikeli. A kai shi asibiti."

Ya buɗe kwalin ya ɗauko rigar yaro ya juya ta. Ƙasan rigar an naɗe shi ninki uku, an ɗinke da koren zare, ga maɓalli biyu na ajiya a ciki. Sai dariyar da yake yi ta ɗauke.

"Wa ya koya miki wannan kalmasar?"

"Babana. Shekara ashirin da biyar yana ɗinka wa wannan ɗakin kafin idonsa ya gaji. Ya ce yaron sansani ba shi da tabbas ɗin samun riga ta biyu, gara a bar masa yadin da za a riƙa warwarewa yana girma. Lafiya kake kallona haka?"

"Lafiya lau," ya ce, ya mayar da rigar a hankali ya rubuta kilo ashirin da biyu.

Daga ranar bai sake ƙorafin nauyi ba. Sai ma ya zama kullum akwai abin da zai kawo shi teburin taga: yau almakashi, gobe alƙalami, jibi tambayar ƙarfe nawa, ga agogo a hannunsa. Matar Fasto, wadda kowa ke kira Mama, ta lura tun a sati na biyu.

"Ɗana, almakashin nan dai ka aure shi mu huta," ta ce masa.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Allurata, yau na auna kwali sittin, na yi kuskure a bakwai. Duk bakwai ɗin lokacin da kika yi dariya ne. Ki tausaya wa mabukata ki rage."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa:

"Sikelina, ba zan rage ba. Ka koyi aiki. Ka ci abinci kuwa?"

Ta so shi, so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya ɗinka hannun riga a wuya bai sani ba. Bai ɓoye mata komai game da asalinsa ba: a wancan sansanin ya girma, iyayensa sun rasu yana ƙarami, karatu ya kawo shi nan. Abu ɗaya kawai ya riƙe a cikinsa.

Ranar da ta gaya wa Baba maganarsa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wa zai zo min neman aurenki? Kawunsa? Baffansa? In ya ɓata miki rai, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? Ban ce mutumin banza ba ne, 'yata. Na ce ban san shi ba."

Akwai wanda Baba ya sani, wato Mai Kemis, ɗan amininsa, mai kawo gudummawar magani kwali ɗaya da masu ɗaukar hoto biyu. Ya daɗe yana zagaya teburin taga, ita kuma ta daɗe tana ba shi amsa da ƙarar keken ɗinki.

Wata Asabar ana loda mota, jakar Mai Sikeli ta faɗo daga kan benci ta buɗe. Mai Kemis ya hango rigar yaro a naɗe cikin leda. Kafin la'asar maganar ta isa falon Baba, ta ƙara ƙiba a hanya.

"Ɗaya cikin biyu ne, Baba," in ji Mai Kemis. "Ko dai kayan marayu yake ɗauka, ko kuma yana da ɗa a can bai faɗa ba."

Tana bayan labule ta ji komai. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Mai Sikeli:

"Rigar wa ce a jakarka? Kada ka yi min wasa."

Amsar ta zo nan take:

"Tawa ce."

Ta yi jifa da wayar kan gado. Ƙato da shi, rigar yaro ce tasa? Kwana biyu ba ta je ɗakin ajiya ba, kiransa tara ta ƙi ɗauka, ta yi kuka har Umma ta ce idonta ya koma kamar an soka masa tsinke. A rana ta uku Baba ya aika a kira Mai Sikeli, ya ce ya zo da jakar, a yi ta ta ƙare.

Ya zo da hantsi, Liman da Fasto suka rako shi, suna shigowa suna musun wanda ya goga wa motar bango. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ciro ledar ya ajiye a gabansa.

Rigar shuɗiya ce, ta koɗe har ta kusa zama fara. Baba ya matso da ita kusa da idonsa, ya juya ta, yatsansa ya bi ƙasanta. Ga layi uku na inda aka warware kalmasa, ɗaya bayan ɗaya. Ga ragowar koren zare. Maɓallin ajiya guda ɗaya na nan.

"Wannan ɗinkina ne," ya ce a hankali.

"Ina ɗan shekara shida aka ba ni ita, Baba. Na sa ta har na kai goma. Duk shekara wata tsohuwa a tantin kusa da mu takan warware min ninki ɗaya. Sauran yara rigunansu na matse su, tawa tana bi na. Na riƙa cewa a raina, wanda ya ɗinka wannan ya sa ran zan girma. A lokacin ba kowa ne ya sa ran hakan ba."

Fasto ya ciro hankici ya ce ƙura ce ta shiga idonsa, Liman ya ce a ba shi aro in ya gama.

Mai Sikeli ya ci gaba: "Sunan ɗakin ajiyar na jikin kwalin da rigar ta zo a ciki, shi na biyo har na zo nan. Ranar da na ga ɗinkin 'yarka na gane gidan."

Ta fito daga bayan labule, ta manta ma cewa laɓe take yi.

"Me ya hana ka gaya min?"

"Tsoro nake ki so ni don tausayi, Allurata. Na fi son ki so ni don sikelina."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Mai Kemis, da ya zo ganin yadda za ta kaya, ya duba waya ya ce ana nemansa a shago, babu wanda ya riƙe shi.

Baba ya daɗe riƙe da rigar a cinyarsa.

"Na ce ban san ka ba," ya ce. "Ashe na auna ka tun kafin ka san kanka. Shekara ashirin da biyar ina aika riguna, ban taɓa jin labarin ko ɗaya ba sai yau. Malam, kai za ka tsaya masa a matsayin uba. Fasto, kai ne kawu. In ya ɓata mata rai, ƙofofinku zan ƙwanƙwasa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya hana kowane tela taɓa rigar ango, ya zauna da tabarau biyu ya ɗinka ta da kansa. Da ango ya juya ta sai ya tarar da kalmasa uku da koren zare.

"Baba, ai na gama girma."

"A tsaye ka gama," in ji Baba. "Bari ka ci girkin 'yata wata shida."

Da aka watse daga masallaci saƙonta ya shigo:

"Sikelina, Mama ta ce in gaya maka ka dawo da almakashin."

Ya amsa yana murmushi:

"Ki ce mata na aure shi."

Baba ya dafa kansu ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai tausayi, Liman da Fasto suka ce amin a tare. Ranar Litinin amarya ta koma teburin taga, kwalinta na farko ya hau sikeli ya nuna kilo ashirin da biyu, ango ya liƙa masa lamba ya tura shi mota.