Motar da Ta Tashi Babu Makulli

Kofur ce ta ɗauki wayar da hantsi, lokacin Sufeto yana fama da fankar ofis da ta ƙi juyawa. Ta saurara, ta ajiye, ta tsaya tana kallonsa.

"Yallaɓai, wai mota ta kashe mai ita a gareji."

"Wa ke tuƙi?"

"Sun ce ba kowa. Makullin ma yana aljihun mamacin."

Sufeto ba ya shiri da labarin iska. Duk aljanin da ya taɓa kamawa a aikin nan, da katin shaida ya same shi a aljihu. Ya ɗauki hularsa suka fita.

Garejin fili ne mai gangara, daga ƙofa ƙasa take sauka har katangar baya inda famfo yake. A can motar ta tsaya. Tsohuwar motar shiga daji ce, doguwa, an kankare rabin fentinta, an cire fitilunta biyu, ramukan suna kallon mutum. Ta danne mai garejin da katanga, dattijon da kowa ke kira Bakanike. Wanke hannu yake yi, kumfar sabulu ta bushe a yatsunsa.

Tayoyin ne suka tsayar da Sufeto. Duka huɗun sun haƙa rami sun nutse. Wato motar ta daɗe tana turawa bayan ta gama abin da ta yi. Tsigar jikinsa ta tashi, amma bai gaya wa kowa ba.

Kofur ta zazzage aljihun mamacin: makulli, da rabin awarwaron tagulla wanda tsatsa ta ɓata. Can sama kusa da ƙofa, Sufeto ya ga guntun katakon da ake tokare taya da shi, an jingine shi da bango tsaf.

Mai walda, maƙwabcin garejin, shi ya kira ofis.

"Ina cikin aiki na ji ta yi ruri, yallaɓai. Na leƙa ta saman katanga, wallahi ba kowa a ciki."

Sufeto ya dubi katangar, ya dubi mutumin. "Ta fi ka tsayi. Me ka taka?"

Mai walda ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban leƙa ba. Ƙarƙashin tebur na shige."

"Madalla. Daga ƙarƙashin teburin me ka ji?"

"Ruri dai. Sai na ji an buɗe bonet, an sake shi da ƙarfi. Can da daɗewa ta yi tari ta mutu da kanta."

"Jiya fa?"

"Jiya Bakanike ya ɗaga murya. Tunda nake da shi ban taɓa ji ba. Ban gane da wa yake ba."

'Yar mamacin tana zaune a kan tsohuwar taya, da rigar aiki. Tun tana ƙarama take bin ubanta da sifana a hannu, shi ya sa ake ce mata Sifana. Ba ta kuka, idanunta a bushe suke, kuma wannan ya fi ba Sufeto tausayi.

"Ba sai ka wahala ba, yallaɓai," in ji Sifana. "Ni na kashe shi."

"Yi mini bayani, 'yata."

"Motar kakana ce. Ta daɗe a kwance, muka ce mu tashe ta. Mun cire tsohon injin fetur, muka sa mata na dizal. Irin wannan injin ba shi da fulogi, in ya kama ba ruwansa da makulli ko batir. Mota tana giya ta gangara, tayoyi su juya shi, shi ke nan ya tashi."

"Yaya ake kashe shi?"

Ta kai shi ta nuna masa wata koriyar igiya da ke reto a gefen sitiyari. "Sai an ja wannan, ta yanke masa mai. Ba mu gama haɗa wayoyi ba, birki ma babu. Jiya ni na tashi daga aiki ƙarshe. Na bar ta a giya, na bar galan ɗin mai a haɗe. Kullum Baba sai ya ce mini, katako, Sifana, katako. Na kasa tuna ko na sa."

Sufeto ya ɗaga bonet. An fizge kan batir, an tsinka wayoyi uku, sabon tsinki. Igiyar kuwa ba wanda ya taɓa ta.

"Ke za ki yi wannan ɓarnar don ki kashe injin?"

"Wanda ya san dizal ba zai yi haka ba. Aikin banza ne." Ta faɗa ne kawai, hankalinta yana can jikin katangar.

Hayaniya ta tashi a ƙofa. Wani mutum ne dogo yake ture ɗan sandan da ke gadi, da jarkar fetur a hannunsa. Ƙanen mamacin ne, direban tasi, Sifana tana ce masa Baba Ƙarami.

"A ƙona ta!" yake cewa. "Injin nan daga motar da ta yi haɗari aka ciro shi, da jinin mutane a jikinsa. Na gaya wa Yaya, bai ji ba."

"Ajiye jarkar, malam. Ina kake da safen nan?"

"Tasha. Ni rabona da shiga garejin nan har na manta."

"Ka san motar?"

"Ni na tuƙa ta ƙarshe, tun muna samari. Injin ya buga a hannuna, na jawo ta gida na rufe ta da tamfol."

Rana ta take, kowa na gumi, amma shi ya ɓalle hannun rigarsa har wuyan hannu. Da ya sunkuya zai ajiye jarkar, sai da ya cije leɓe.

Sufeto ya ja Sifana gefe, inda tsohon injin fetur yake kwance a kan katako, cikinsa a buɗe.

"Me ya lalace a cikinsa?"

"Ba komai. Shi ne abin da ya ɗaure wa Baba kai. Ya buɗe shi don ya cire abin da zai yi amfani, sai ya tarar lafiyarsa ƙalau."

"Sai me?"

"Sai ya koma kankare fentin gefen hagu. Wani ciko mai kauri ya ɓalle, ƙarƙashinsa ƙarfen ya lotsa sosai. Ya cire fitilar, ya zura hannu a ramin. Daga nan bai ƙara yi mini magana ba, abinci ma bai ci ba."

Sufeto ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata rabin awarwaron. Sifana ta kalle shi, ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta jawo wani zare. Ɗaya rabin ne a ɗaure. Aka haɗa su suka zauna daidai.

"Na mahaifiyata ne," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ina jaririya mota ta kaɗe ta a bakin titi, direban ya gudu. Ranar ta bar ni a gida. Wannan rabin aka kawo wa Baba daga asibiti."

"Wace shekara aka rufe motar nan da tamfol?"

Ta juya a hankali tana kallon ramin fitilar.

Bayan an ɗauki hotuna an tafi da gawar, Sufeto ya sa aka jawo motar zuwa saman gangara, aka tokare tayoyinta. Ya roƙi Sifana ta mayar da kan batir ta zuba mai. Da ta gama, ya miƙa mata makullin. Ya sa aka shigo da Baba Ƙarami, ya tsayar da shi dab da ƙofar direba.

"Tayar," ya ce mata.

Injin ya yi tari, ya kama. Ƙasa ta ɗauki rawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe filin, ƙarar ta cika kunnuwa. Sifana ta sauko ta bar makullin a jiki.

"Malam, kai direba ne," Sufeto ya ɗaga murya. "Ga makulli nan. Kashe mana ita."

Duk direban duniya hannu zai miƙa ya murɗa. Baba Ƙarami ko kallon makullin bai yi ba. Ya ja da baya, ya toshe kunnuwansa, idanunsa sun firfito.

"Ba ta mutuwa!" ya kurma ihu. "Ko ka cire batir ba ta mutuwa! Ba ta mutuwa!"

Sifana ta miƙa hannu ta taga ta ja koriyar igiyar. Injin ya yi shiru nan take. Baba Ƙarami ya ƙura wa igiyar ido, bakinsa a buɗe.

"Wa ya gaya maka ko an cire batir ba ta mutuwa?" in ji Sufeto. "Naɗe hannun rigarka."

Kofur ce ta naɗe masa. Ɗanyar ƙuna ce daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, shatin bututun hayaƙi kwance a kai. Baba Ƙarami ya zauna a ƙasa.

"Ban ga matar ba a wancan lokacin, wallahi ban gan ta ba. Sai ƙara na ji. Da na gane matar Yaya ce, tsoro ya kama ni. Na kai motar wani gari aka cike lotsawar, na dawo na ce injin ya buga. Na zauna aka yi makoki da ni."

"Jiya fa?"

"Ya kira ni ya nuna mini awarwaron. Bai zage ni ba ma sosai. Cewa ya yi in zo yau in faɗa wa yarinyar nan da bakina." Ya share fuska. "Na zo. Na hango shi can ƙasa yana wanke hannu, ya ba ni baya. Na ce a raina, kowa zai ce gangara ce. Na cire katakon, na shiga, na taka kuloci. Ta fara tafiya."

"Ci gaba."

"Sai ya juyo ya gan ni. Yayana ne, shi ya goya ni. Na taka birki, babu. Sai na saki kuloci don giya ta riƙe ta. Motar fetur in babu makulli tsayawa take yi, yallaɓai, duk rayuwata haka na sani. Tsayar da ita nake so in yi. Sai ta farka."

Sufeto ya yarda da mutumin, amma yardar ba ta rage komai ba.

"Ashe igiya ce," Baba Ƙarami ya ce, kamar mai magana shi kaɗai. "Tana ta taɓa mini gwiwa."

Kofur ta sa masa ankwa ta ɗaga shi. Da suka zo wucewa ya buɗe baki zai yi wa Sifana magana, ta kawar da kai. Aka fita da shi.

Sufeto ya sa hularsa zai bi su, sai ya ji an riƙe masa hannun riga.

"Yallaɓai," in ji Sifana, "katakon. Na sa?"

"Kin sa, 'yata. Shi ya cire."

Ta sake shi, ta zauna a kan matakin motar, sai a lokacin kuka ya zo mata.