Tsatsar da Ke Kan Banatin Kaka

Bayan la'asar ne mai walda ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jawo akwatin ƙarfen da ya gada wurin mahaifinsa. Asalin akwatin na kakansa ne, wanda ya yi soja tun kafin a haifi kowa a gidan. Wuƙaƙe biyar ne a ciki, sai banati biyu, wato doguwar wuƙar nan da ake maƙalawa a bakin bindiga.

Mutum ne da ya san ƙarfe. Ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana nuna wa ƴarsa, budurwa ƴar shekara goma sha bakwai. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa ba ya kiran ta sai Uwata.

"Dubi nan kusa da mariƙin, Uwata. Kin ga hatimin nan? Na maƙerar da ta ƙera shi ne. Lambar nan kuwa, in ta zo ɗaya da ta jikin kuben, to tare aka haife su."

"Baba, me zai hana ka bi su da sanfefa su yi ƙyalli?"

"Sanfefa! Ki cinye min hatimin? Man keken ɗinki da tsumma mai laushi, shi ke nan. Tsohon ƙarfe lallashi yake so."

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, ka tara mana kayan yaƙi, da wa za mu kara? Ko albasa ba za su yanka min ba."

Banati na biyu daban yake. An naɗe shi da baƙin ƙyalle, an ɗaure da waya. Mai walda ya tuna bai taɓa ganin mahaifinsa ya kwance shi ba, amma tsohon bai taɓa faɗin dalili ba. Ya warware wayar, ya ɗiga mai a bakin kuben, ya ɗan bubbuga, ya ja da ƙarfi. Daga tsini zuwa tsakiya wani ɓawo ne baƙi ƙirin, ba ja irin na tsatsar da ya sani ba. Ya sa ɗan itace yana kankarewa, yarinyar tana bi da tsumma tana gogewa, har ƙarfen ya fito fes.

Rana na faɗuwa dutse na farko ya sauka a kan rufin kwano.

Suka ɗauka aikin yaran maƙwabta ne. Na biyu ya fasa randa. Na uku ya faɗo gaban mai walda, ya kai hannu zai ɗauka, ya yar da sauri, don zafinsa kamar an ciro shi daga wuta.

Kwana uku ana haka. Da rana lafiya lau, amma da zarar inuwa ta cinye tsakar gidan, kaji su yi tsit, sai jifa. Wani dutsen ya fasa goshin matarsa. Daga cikin akwatin kuma, wanda ya mayar da banatin ciki ya kulle ya sa makullin a aljihu, ana jin kuka ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya gaji da kuka amma ya kasa dainawa.

A rana ta huɗu mai walda ya dawo daga aiki da magariba, ya tarar gidan shiru. Ƴarsa na tsaye tsakiyar gida, ta ba shi baya.

"Uwata?"

Ta juyo. Idanunta sun juye, sai fari. Banatin na hannunta tsirara, alhali makulli na aljihunsa. Kafin ya sake buɗe baki ta taho masa da gudu, tsinin na nufin cikinsa. Ya sa hannun hagu ya damƙe kaifin. Ta fizge. Bai ji zafi ba sai da ya ga yatsunsa biyu a ƙasa, jini na tsartuwa a bango.

Ihun matarsa ya kawo maƙwabta. Na farkon da ya riƙe yarinyar, ƙato ne mai ɗaukar kaya, ta yi wurgi da shi ya bugi ƙofa har sai da ta ɓalle. Da ƙyar maza huɗu suka danne ta, suka murɗe wuƙar daga hannunta. Matar ta ɗaure masa hannu da ɗankwalinta tana roƙon sa ya tafi asibiti. Ya ce ko zai mutu ba ya motsawa sai Malam ya zo.

Malamin tsoho ne ɗan siriri, mai tabarau, daga layin baya. Ya zauna daidai kan yarinyar, ya fara karatu a hankali. Jikinta ya sandare, ta banƙare har mazan nan suna ɗagawa daga ƙasa. Sai wata murya ta fito daga bakinta, muryar tsohuwa, a dishe.

"Daina. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ni uwa ce. Ɗana ya fito shan iska a bakin rijiya cikin siffar maciji, bai taɓa kowa ba. Sojan nan ya soke shi don wasa, abokansa na dariya. Jininsa da ya bushe a kan ƙarfen nan, shi kaɗai ya rage min. Shekara tamanin ina cikin kuben nan ina rungume da shi. Wannan ya kankare, wannan ta goge."

Mai walda ya durƙusa kusa da ita. Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Na ɗauka tsatsa ce."

"Ɗa na rasa, ƴa zan ɗauka."

Aljanar ta ɗaga kan yarinyar ta buga da siminti, ta sake bugawa. Uban ya cusa hannunsa mai lafiya ƙarƙashin kan, bugu na uku ya sauka a kan yatsunsa. Malam ya ɗaga murya da karatu, yana yayyafa ruwa, har warin ƙonannen gashi ya cika gidan, muryar ta koma kururuwa.

Malam ya ce, "An zalunce ki, ban musa ba. Amma wanda ya yi ya mutu, ku da shi akwai ranar haɗuwa. Wannan ba ta kashe miki kowa ba. Ki fita, ko in ci gaba har ki zama toka."

Can muryar ta ce, a karye, "To ku ba ni tsumman."

Mai walda ya dubi matarsa. Ta dafe ƙirji, don tun ran farko ta zubar da shi. Ta fita a guje babu takalmi, ta durƙusa a bola tana tono da hannu biyu, maƙwabta na haska mata. Da ta dawo da shi, baƙi, yana warin mai, sai hannun yarinyar ya miƙo a hankali ya karɓa, ya rungume a ƙirji, kuka ya ɓarke.

Malam ya sa aka naɗe banatin da tsumman, aka mayar cikin kube, ya yi alkawarin binne shi a daji inda ba a noma. Ya sa aljanar ta rantse ba za ta dawo ba. Babban yatsan ƙafar yarinyar ya yi rawa, ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Sai a lokacin mai walda ya yarda aka kai shi asibiti.

Washegari da hantsi ta farka, kanta a kumbure, ba ta tuna komai. Aka ce mata santsi ne ya kwashe ta. Da ta ga hannunsa naɗe da bandeji, sai ta tashi zaune.

"Baba, me ya same ka?"

Ya dubi matarsa, matar ta kau da kai. Ya ce, "Injin yanka ƙarfe ne a wurin aiki. Na yi ganganci."

Maƙwabta kuwa suka riƙe masa amana. Yanzu ƴar ta yi aure har da ƴaƴa biyu, amma duk ran da ta zo gida sai ta kama hannun nan mai yatsu uku ta yi masa faɗa kan rashin kula da inji. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Uwata. Zan kiyaye."