Ɗakin da Ake Sharewa

Cikin daƙiƙa tara sabuwar na'urar da ake kira Jerau ta gama aikin da Barira ke yi a mako uku. Fitilarta ta koma kore, ƙunshin ya fito a allo, ma'aikatan Cibiyar Sadarwa ta Birnin Tsauni suka ɗauki tafi kamar an ci ƙwallo. Barira ma ta tafa, sau biyu, don kada a ce.

A shekarar 2131 komai na birnin a kan saba yake, wato na'urar da ke amsa duk wanda ya nemi abu ta yanar gizo, tun daga layin asibiti har rabon ruwa. Sai dai na'urorin ba jinsi ɗaya ba ne. Babbar manhaja iri bakwai suke aiki da ita, kowace da nata tsarin foldodi, waɗanda ma'aikata ke kira ɗakuna. Aikin mai ƙunshi shi ne ya naɗe manhajar saba yadda in an kwance ta, kowane fayil zai faɗa ɗakin da ya dace. Shekara ashirin da biyu Barira na wannan aiki, kuma duk birnin babu wanda ya san ɗakunan nan kamarta.

Sai ga Mudassir, wanda ko shekara uku bai yi a cibiyar ba, ya ƙera Jerau. Abin da ya fi ci mata rai, mutumin ba shi da girman kai. Da yana da shi, da ta sami abin kamawa. Kishinsa take ji har cikin haƙoranta, kuma ta san kishi ne.

Ranar Alhamis da safe ya zo teburinta, ya ɗan rusuna.

"Yaya Barira, ga ƙunshin da za a tura ko'ina. Don Allah ki duba mana, idonki ya fi na kowa."

Ta duba. A layi na ɗari biyu da sha ɗaya ta ga kuskure. Asibitin Kwari yana amfani da babbar manhaja mafi tsufa, wadda suke wa laƙabi da Gwaggo. A sauran shidan, wurin da Jerau ta zaɓa wa sunayen marasa lafiya wurin ajiya ne na dindindin. A Gwaggo kuwa, ɗakin nan sharewa ake yi tas duk lokacin da aka kashe na'ura aka kunna. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. A kan Barira kawai yake.

Kalma biyar sun isa gyara. Ta kalli layin, ta kalli mutanen da ke ɗaukar hoto da Jerau.

"Akwai gyara, Yaya?"

"Ni wa, Injiniya? Ai na'urarka ta wuce gyaran irinmu."

Ranar Litinin asibitin ya kashe na'urarsa don wanke faifan hasken rana. Da aka kunna, sunayen mutum dubu huɗu sun tafi. Barira ta ga hotunan a allo, masu wankin ƙoda zaune a rana, ba a san wanda ke gaba ba. Abin kunyar, daɗi ta fara ji kafin tausayi ya zo. Ta gyara ɗaurin kallabinta, tana jiran a kira ta ta ceci gari.

An kira taro dai, amma ba ita aka nema ba. Mudassir ya miƙe gaban shugabar cibiyar, Hajiya Lawisa.

"Ranki ya daɗe, laifina ne. Amma muddin ɗakunan nan iri bakwai ne, wata rana za a sake."

"To a rushe shida," in ji Hajiya Lawisa. "A bar ɗaya, kai za ka jagoranci aikin. Sashen ƙunshi kuma a rufe shi ƙarshen wata."

Nan take ilimin shekara ashirin da biyu ya zama abin da babu mai tambaya.

Tana kwashe kayan teburinta Mudassir ya zo, ya tsaya nesa kaɗan, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Yaya, allon dubawa yana rubuta inda ido ya tsaya. Minti huɗu kika yi a kan layin nan."

Ta daina zuba kayan a kwali, ta ɗago.

"Na goge abin da allon ya rubuta," ya ce. "Babu wanda zai gani. Amma mutum biyu daga layin wankin ƙoda ba su kai yau ba. Na ga ya kamata ki sani."

Ya taya ta ɗaukar kwalin har bakin ƙofa.