Goran Gwaggo Gudiya

Yara, kwana da kwanaki wani abu yana damuna. Ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Da aka ba mu sabuwar jiha, sai aka mai da maigidana koyarwa Aliero. Muka shiga haɗa kaya a Jega. Tabarmi a naɗe, tukwane a buhu, kaji a kwando.

A ɗakina akwai goran maƙwabciyarmu, Gwaggo Gudiya. Irin albasarta ne a ciki. Ɗakinta na yoyo, shi ya sa ta ba ni ajiya.

Na kira ɗiyata ta fari. "Ke, kai wa Gwaggo goranta kafin mota ta zo."

A zaure ta tarar ƙawayenta sun zo ban kwana. Ta cusa goran cikin turmi, ta bi su gaɗa. Aka loda turmin a mota.

"Kin kai?" na tambaye ta.

"Na kai, Inna."

Bayan mun tare, Gwaggo ta aiko jikanta Almu. "Ta ce lokacin yafa iri ya yi. A ba ta goranta."

Na ce, "Ɗiyata ba ta ƙarya. Ka ce wa Gwaggo ta duba ɗakinta da kyau. Tsufa ne."

Almu ya tafi. Yarinya ta ƙi cin abinci. Da safe sai ga ta da gora a hannu, tana hawaye.

"Inna, ban kai ba. Da muka iso na ɓoye shi. Tsoro na ji."

Na rasa inda zan sa fuskata.

Babanta ya ce mata, "Mantuwa ƙaramin abu ce. Ƙaryar ce babba. Ke za ki kai da hannunki."

Ranar kasuwa suka tafi Jega. Ta durƙusa gaban Gwaggo, ta faɗi komai.

Gwaggo ta girgiza goran a kunnenta, ta yi dariya. "Ja'ira! Irina ya riga ni ganin Aliero. Tashi, na yafe." Har ta ɗibar mata iri kaɗan.

Ɗiyata ta dawo da murna. Ta gane cewa ya kamata a mai da ajiya da wuri, kuma in an yi kuskure a faɗa nan take.

Amma ta zo mini da saƙo. "Gwaggo na gaishe ki. Ta ce tsohuwa ta duba ɗakinta da kyau."

Ɗiyata ta durƙusa, ta huta. Ni har yau kunya ta hana ni taka Jega. Yara, ku gaya mini, in aika da goro, ko in tafi da ƙafata?