Tulun da Yamna Ta Binne

"Ba zan je ba."

"Baba, ban ma gama magana ba..."

"Kin gama. Gidan abincin Mbarka kika ce, ni kuma na ce ba zan je ba."

Sukaina ta tsaya riƙe da farar jallabiyar da ta goge masa ta zuwa masallacin Juma'a. Mahaifinta Si Lahsan ko kallonta bai yi ba, yana ta fama da igiyar takalmi kamar a nan matsalar take. Mutumin Maroko ne da ya yi shekara talatin yana tuƙa bas a titunan Montreal a ƙasar Kanada, fasinja bai taɓa sa shi ɗaga murya ba. Shi taurin kansa na shiru ne, wanda ya fi na masu hayaniya ban haushi.

"Sau uku ke nan Jawad yana aiko a ba shi rana ya zo da gwaggonsa. Sau uku kana cewa sai an kwana biyu. Don yana dafa abinci ne? Ka faɗa min gaskiya, Baba."

"Ni na ce haka?"

"To ai ba ka ce komai ba, shi ne abin da yake cin raina. Shekara biyu fa."

Ya karɓi jallabiyar ya zura. Ta bi furfurarsa da kallo, ta ji tausayinsa ya danne fushin da ta kwana da shi. Tun rasuwar mahaifiyarta Yamna, shekara tara da suka wuce, su biyu ne rak a gidan nan. Ita ke tuna masa maganin hawan jini, shi ke ɗumama mata mota kafin ta fita aikin asibiti.

"Shi ke nan," ta ce a hankali. "Ba zan yi auren da ba ka sa wa albarka ba. Amma ba zan ci gaba da shanya bawan Allah ba. Yau zan je in ba shi haƙuri."

Hannunsa ya tsaya a kan ƙofa. Ta ɗauka zai juyo. Sai ya ce, "Ki sa safar hannu, akwai sanyi," ya fita.

Gidan abincin Lalla Mbarka tebur shida ne, kuma babu biyu da suka yi kama. Ranar Juma'a ba a tambayar mutum me zai ci, kuskus ne, wanda bai so ba ya gwada wani wurin. Sukaina na tura ƙofa tururi ya rufe mata tabarau, ƙamshin kirfa da albasa da naman rago ya tarbe ta. A nan ta girma, kowace Juma'a tsakanin iyayenta, har ranar da Mama ta rasu Baba ya daina ko bin layin. Da ta dawo ita kaɗai shekara biyu da suka wuce, sai ta tarar da ɗan wan Lalla a kicin, dogo mai yawan dariya, da fulawa har a gira.

"Ga 'yar tawa," in ji Lalla Mbarka daga bayan kanta. "Me ya sami idonki? Zauna. Jawad, fito, malamar asibitinka ta zo da fuska kamar an ce albashi ya makara."

Jawad ya fito yana goge hannu. Yana ganinta murmushinsa ya ɗauke.

"Hasken idona... me ya ce?"

"Zauna, Jawad."

"In na zauna kuskus zai kama."

"To ya kama."

Ya zauna. Ta buɗe baki, maganar da ta haddace a mota ta gudu. Kallon hannuwansa kawai take, da tabon ƙunar da ta taɓa ɗaure masa da kanta.

"Ka san ina sonka. Allah ya sani ban taɓa son wani haka ba. Amma Baba..."

"Zan jira."

"Har yaushe?"

"Har ya gaji. Ni na iya jira, Sukaina. Wanda yake turara kuskus sau uku ai ba ya gaggawa."

"Kada ka sa ni dariya, don Allah. Ba ni da kowa sai shi, shi ma ba shi da kowa sai ni. Ba zan iya fita daga gidansa yana kallon bango ba. Ka yafe min, ka nemi..."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Iska mai sanyi ta shigo, sai kuma wurin ya yi tsit tebur bayan tebur, don rabin masu cin abincin tsofaffin abokan sahunsa ne. Si Lahsan ne a tsaye, dusar ƙanƙara a kafaɗun jallabiyarsa, yana kallon teburin kusa da taga.

Lalla Mbarka ta ajiye butar shayi a hankali.

"Shekara tara, Si Lahsan."

"Na sani, Mbarka."

"Hanya ce ta ɓace maka? Kai da ka san kowane lungu na garin nan?"

"Akwai abinci ko surutu ake sayarwa yanzu?"

"Duka biyun. Surutun kyauta ne."

Da kanta ta tashi wasu samari daga teburin taga. Jawad ya ruga kicin har yana tuntuɓe da kujera. Sukaina kuwa ta koma gefen mahaifinta ta zauna, ba ta san ko ya zo gyara ba ne ko ya zo ƙarasa yankewa.

Jawad ya kawo faffaɗan kaskon yumɓu da hannu biyu. Kuskus ya yi tudu, fari sol, kabewa da karas da kabeji sun kewaye shi, a sama albasa da zabibi sun yi ja suna ƙyalli, naman na ɓoye a ƙarƙashi. Sukaina ta ci abincin nan ya fi sau ɗari, amma yau sai ta ga kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Zauna," in ji Si Lahsan.

"Ni, Baba? Akwai mutane a..."

"Gwaggonka ta riƙe wurin nan kafin a haife ka. Zauna."

Tsohon ya yi bisimilla, ya ture cokali gefe. Ya ɗebo da yatsu, ya dunƙula a tafin hannu, ya jefa a baki. Ya daɗe yana taunawa. Jawad dai ko numfashin kirki ba ya yi.

"Sau nawa ka turara?"

"Uku, Baba."

"Da hannu ka murje ko da cokali?"

"Da hannu."

"Na ji alama." Ya sake kai loma. "Siman ɗinka ne yaro. Wata nawa?"

"Takwas."

"Jariri ma ke nan."

Siman dai man shanu ne da ake cuɗawa da gishiri a toshe a tulu, gwargwadon daɗewarsa gwargwadon darajarsa, kuma mutumin dutsen Atlas ba ya ganin kuskus ya cika in babu shi. Si Lahsan ya yagi tsokar da ta fi laushi, ya tura ta gaban Jawad ba tare da ya dube shi ba. Sukaina ta gani, Lalla ma ta gani daga nesa, ta kai gefen mayafi ido.

Sai da suka ci rabi sannan ya wanke hannu ya ce, "Mbarka, ajiyar tana nan?"

"Inda kuka bar ta. Buhunan albasa ne a kai."

"Wace ajiya?" in ji Sukaina.

Lalla ta ɗauko makulli, ta ce wa Jawad ya zo da shebur.

"Na kwashe ƙanƙara kawai gare mu, Gwaggo."

"To da na haƙar zinariya na ce maka?"

Suka sauka ɗakin ƙasa su huɗu, ƙwan lantarki ɗaya na lilo a sama. Jawad ya janye buhuna. A kusurwa akwai wani falalen dutse da bai yi kama da sauran daɓen ba.

"Gwaggo, wannan ne kika ce in na taɓa za ki mayar da ni Maroko a akwati?"

"Shi ne."

Ya ɗaga dutsen, zai kafa shebur, Si Lahsan ya riƙe hannunsa.

"A garinmu uba ne yake tonowa."

Ya durƙusa da farar jallabiyarsa a kan ƙasa. Da shebur ya fara, daga baya ya koma yi da yatsu, a hankali, kamar mai gudun tayar da wani daga barci. Can sai ga wuyan ɗan tulu mai ruwan ƙasa. Ya ciro shi ya rungume, ya share masa ƙasa da hannun riga.

"Ranar da aka haife ki," ya ce, "uwarki ta ce a garinmu in aka haifi mace, ana cuɗa siman a binne, ba a tonowa sai za a aurar da ita, da shi ake dafa kuskus ɗin bikinta. Na ce Yamna, nan fa Kanada ce, watan Janairu ne, ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, mu kuma a hawa na uku muke. Ta ce ita 'yarta ba za ta yi aure da man kanti ba."

"Kwananta tara da haihuwa," in ji Lalla. "Ta shigo min nan da ke a ƙirji, tulu a cikin bargo. Ke ta bari a buɗe, tulun ta lulluɓe."

Sukaina ta yi dariya, hawaye na zuba. Baba ya miƙo mata tulun. Ya fi yadda ta zata nauyi, ga sanyi. An toshe bakinsa da kakin kyandir mai kauri, a tsakiyar kakin kuma akwai ɗan gurbi. Ta kai shi kusa da haske. Shatin babban yatsa ne, har zanen jikinsa ana gani.

"Na Mama ne?"

"Tun kakin bai huce ba ta danna. Ta ƙone, ta yi ta yi min masifa kamar ni na sa ta."

Sukaina ta ɗora yatsanta a gurbin. Ya zauna daidai. Tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙafa har kai. Shekara ashirin da shida abin nan yana kwance a ƙarƙashin teburin da take cin abinci, tana yarinya tana wasa a samansa, ta girma ta zo ta yi soyayya a samansa, ashe duk tsawon lokacin nan Mama ta riga ta gama shirin bikinta. Ba ta taɓa jin ƙanƙantar kanta da girman Allah irin na wannan lokacin ba.

"Ba yaron nan na ƙi ba, 'yata," in ji Si Lahsan. "Tun ranar da kika fara dawowa gida kina warin albasa kina murmushi na bincika shi. Ba shi da aibi. Tulun nake tsoro. Kayanta an raba, turarenta ya ƙare, muryarta ma ta fara ɓace min. Wannan kaɗai ya rage wanda hannunta ya rufe ba a buɗe ba. In na ce e, za a buɗe, a cinye, ke ma ki tafi..."

"Baba..."

"Yau a masallaci na kasa jin huɗuba. Na ce Lahsan, matar nan ba don kai ta binne ba."

Ya karɓi tulun daga hannunta, ya juya wajen Jawad, wanda yake tsaye da shebur yana kuka ba kunya.

"Ajiye shebur ɗin nan ka karɓa da hannu biyu. Ran Lahadi ku zo da gwaggonka. Ranar biki kai za ka dafa, ban yarda da hannun kowa ba."

"Ango ne zai shiga kicin?" in ji Lalla.

"Ango ne. In kuma ya bari ya kama, na fasa."

Bayan wata uku, ranar wata Asabar da hantsi, aka haɗe teburan nan shida suka zama ɗaya. Sukaina ce ta fasa kakin, amma sai da ta yanke gurbin yatsan ta naɗe a hankici. Ƙamshin da ya fito mai ƙarfi ne, ya cika wurin har bakin titi, tsofaffin mata suka ɗauki guɗa. Jawad ya dafa da rigar angonci a ƙarƙashin ta aiki, bai kuwa bari ya kama ba.

Aka ajiye kaskon a gaban Si Lahsan. Ya dunƙula loma ta farko ya sa wa 'yarsa a baki. Sukaina ta lumshe ido. Bayan shekara tara, ga ta tana cin girkin mahaifiyarta.

Ya dunƙula ta biyu ya ci. Ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin gemunsa.

"Yaya, Baba?" in ji Jawad a tsorace.

Tsohon ya girgiza kai, ya dubi kujerar kusa da taga da ba wanda ya zauna a kai.

"Gishiri ya yi yawa," ya ce. "Kullum sai na gaya mata... ba ta ji."

Ya sake miƙa hannu cikin kaskon.