Cakulan a Kayan Sa Rana

Da Bilkisu ta san abin da ke cikin kwalin nan, da ta fito da gudu ta hana a shigo da shi gidansu.

Ba ta sani ba. Tana bayan labule tana leƙen tsakar gida. Yau dangin Zakariyya'u suka kawo kayan sa ranar aurensu nan Makera. An sauke huhun goro, an sauke dabino. Saura kwali ɗaya.

Goggo Khadija, yayar mahaifinta, ita ta buɗe.

Ta leƙa ciki. Ta sa yatsa ta ɗago, wani abu baƙi-baƙi na ɗiga.

"Innalillahi! Wannan kuma mene ne? Taɓo?"

"Cakulan ne, Hajiya," in ji ɗaya daga cikin baƙin, murya ƙasa-ƙasa. "Yaron ne ya yi da hannunsa. Tun hantsi yake but ɗin mota, muna jiran kawunsa..."

Goggo ta lasa, ta tofar.

"Ga ɗaci kamar maganin zazzaɓi! Ina alawa? Ina minti? Gida arba'in za mu aika wa, kowa ya san an sa ranar 'yarmu. Wannan kunun zan ƙulla musu a leda? Aure a fara shi da ɗaci? Ku kwashe kayanku!"

Bilkisu ta zame ta zauna a ƙasa.

Ita ta san cakulan ɗin nan. Wata takwas da suka wuce ta fara jin ƙanshinsa, tana wucewa ta wani lungu a Kakuri daga wurin koyon ɗinki. Wani dogon saurayi ne ke gasa wasu ƙwayoyi a kasko a ƙofar shago. Ta tsaya ta tambaya, daga nan tsayuwar ta zama ta kullum, har ya zo gida ya gaida Baba.

"Shekara bakwai ina dakon buhunan ƙwayar koko, wadda ake cakulan da ita, a Ondo," ya gaya mata wata rana. "Wallahi masu nomanta da yawa ba su taɓa ɗanɗana cakulan ba. Ni ma haka. Shi ya sa na nace sai da na koya."

Ya miƙo mata ɗan gutsure.

"Kar ki tauna, Bilkisuna. Ɗora a harshe, ki jira."

Ta jira. Da farko ɗaci. Sai ya fara narkewa a hankali, wani ƙanshi kamar na gasasshiyar gyaɗa ya hau mata hanci, can ƙarshe ɗan zaƙi ya biyo baya. Ta lumshe ido ba ta sani ba.

"Mutanen Meziko na da can, su suka fara," in ji shi. "Dama shi suke yi su sha da barkono, babu sukari. Har cefane suke yi da ƙwayar a kasuwa. Sai daga baya Turawa suka kai shi ƙasarsu, suka zuba sukari da madara."

"Da barkono? Kai Zakari, ka cika shirya labari!"

"Allah kuwa. Ranar aurenmu zan dama miki."

Yanzu ga ranar ta tafi a but ɗin mota.

Da la'asar sakaliya ta kira shi.

"Me ya hana ka sayi alawa kamar kowa?"

"Kwana uku ina niƙa shi, abar ƙaunata. So nake danginki su ci abin da hannuna ya yi, su san da abin da zan riƙe ki."

"To sun ci! Ka ba ni kunya a gaban duk unguwa, Zakari. Ka mai da ni abin dariya!"



"Kunya na ba ki?"

"Eh!"

"To... ki yi haƙuri."

Ya kashe wayar.

Washegari Kabiru, ɗan Goggo mai kantin kayan masarufi a bakin titi, ya aiko da cakulan na ƙasar waje cikin takarda mai ƙyalli, da sanyin firji a jikinsa.

"Kin ga na masu hankali," in ji Goggo. "Ga miji Kabiru, ga shago, ga janareta."

"Goggo, a mayar masa. Na gode."

Sati uku ba ta kira Zakariyya'u ba, shi ma bai kira ba. Ta canza hanyar zuwa ɗinki. Ƙawaye suka daina tambaya. In ta dawo sai ta shige ɗaki, ta zauna gefen katifa tana kallon wayar da ba ta ƙara. Mahaifiyarta ta rasu tun tana aji uku, gidan daga ita sai Baba, sai rediyonsa.

Wata Asabar da rana babanta, Malam Ɗahiru, ya yi sallama a ƙofar ɗakinta. Ya daɗe a tsaye kafin ya zauna.

"Kin rame, uwata."

Ta ajiye wayar a gefe, shi kuma ya ci gaba.

"Ba narkewar abin ce ta sa na yi shiru Yaya Khadija ta kore su ba. Tsoro nake ji. Shekara goma sha tara na yi a masaƙa. Injin da ya fi gidan nan girma, rana ɗaya ya tsaya. To ina ga sana'ar da rana kaɗai ke iya kashewa? In na ba shi ke, me za ku ci a watan zafi?"

"Baba, ko sau ɗaya ba ka ɗanɗana ba."

Ta jawo gwangwani daga ƙarƙashin gado. Ragowar wanda ya taɓa ba ta ne, ya yi fari-fari a gefe. Ta gutsura masa.

"Kar ka tauna."

Ya yamutsa fuska. Ya jira. Sai fuskar ta saki a hankali.

"Shi ya yi wannan? Daga ƙwaya?"

"Shi kaɗai."

Baba ya miƙe.

"Ɗauko mayafinki."

Suka hau keke napep zuwa Kakuri. Duk hanya tana shirya abin da za ta ce. Zakari, bakina ne ya yi zafi... Zakari, ga Baba da kansa...

Tun daga bakin lungu ta ji babu ƙanshi.

Ƙofar shagon da kwaɗo. Damaris, mai saida abinci a shagon kusa, ta fito tana goge hannu.

"Ah, Bilkisu! Sai yanzu? Sannu Baba. Ai ya tafi tun ran Talata. Ya ɗaure injin niƙansa, ya sa a mota."

"Ina ya nufa?" in ji Baba.

"Kudu kawai ya ce. Na ce Ondo? Ya ce duk inda koko yake."

"Bai bar saƙo ba?" in ji Bilkisu.

"Sati biyu yana zama a bencin nan yana kallon hanyar da kike biyowa. Ko kasko bai ɗora ba. Na ce ka kira ta mana! Ya ce wanda ya ba mutum kunya ba ya kira, jira yake a kira shi."

Bilkisu ta danna lambarsa nan take. A kashe. Ta sake. A kashe.

Baba ya zauna a bencin, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ni na makara, uwata. Ba ke ba."

Sun je Trikania wurin kawunsa, Baba ya ba da haƙuri, ya ce a dawo da kaya ko da goro kaɗai ne. Kawun ya ce in yaron ya kira zai faɗa masa.

An shiga wata na biyar ke nan. Bilkisu ta gama koyon ɗinki, ta koma bin tsohuwar hanyarta ta lungun. Shagon yanzu mai gyaran waya ne a ciki.

Har yau ba ta san garin da Zakariyya'u yake ba, kuma ba ta sani ba ko saƙon Baba ya kai gare shi.