Jirgin da Bai Faɗi Sunansa Ba

Magariba ta kawo kai, Kofur ya ɗauki sandunansa biyu masu wuta ya nufi filin sauka don ya tsince tsakuwa da ledoji, kamar kullum. Aikinsa ke nan a sansanin: shi ke tsayawa gaban jirgi mai saukar ungulu yana yi masa hannu har ya dire ƙafafunsa a kan siminti. A ido aikin ba wani abu ba ne, amma leda guda in ta shige inji, sai dai a yi ta salati.

Filayen sauka biyu ne a wurin, sai dai ɗaya ya daɗe da zama asibiti. An kwantar da wani jirgi a kansa an ciro masa inji, kanikawa na jiran kayan gyaran da ba su da ranar zuwa. Saura ɗaya tal. A gefensa tantunan majinyata ne da tankar mai, bayan shingen waya kuwa nakiyoyi ne birjik, waɗanda sojojin suka binne da hannunsu don tare abokan gaba. Jirgin da bai samu simintin nan ba, to ba shi da wurin sa ƙafa.

Kuma ƙanensa yana sama. Auta ma'aikacin jinya ne a jirgin da ke kwaso waɗanda aka ji wa rauni a bakin daga. Kofur ne ya jawo shi soja, shi ya nema masa gurbin nan ma, don dai ya riƙa ganinsa da idonsa. Tun la'asar suka tashi, ya kamata a ce sun dawo rana ba ta faɗi ba. Ga shi duhu na ta sauka, sama kuwa shiru.

Ya danna oba-oba, 'yar rediyon magana da ke rataye a kafaɗarsa. "Sun yi magana?"

"Shiru kake ji, Kofur," in ji Mai Rediyo daga ɗakinsa. "Kada ka kunna komai sai na ce."

Doka ce tsohuwa. Ba a kunna fitilun fili, ba a yi wa jirgi hannu, sai ya faɗi sunansa ta rediyo. Manya sun ce saboda abokan gaba ne, da sun hango haske sai su fara ruwan bama-bamai. Baba Direba, tsohon da ke tuƙa tankar mai, shi nasa dalilin daban ne. Yana jingine da tayar motarsa yana warware igiyar takalmi, ya ce, "Ɗana, sama ba tamu ba ce mu kaɗai. Wanda bai yi sallama ba, ba a ce masa shigo."

"Haba Baba, aljanu ma sun sayi jirgi? Wa ke ba su mai, kai?"

"Yi dariyarka," in ji tsohon. Ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan tanka.

Kofur bai yi dariyar ba. Ya yi ta kai da kawowa yana kallon gabas. Janareta na gurnani can nesa. Warin mai da na maganin asibiti sun cika iska. Wani majinyaci yana nishi a cikin tanti, yana kiran sunan wata mace.

Sai ya ji ƙarar farfela. Tib-tib-tib, a hankali, daga wajen da ake jiran jirgin. Ya danna oba-oba. "Ga su nan! Ka ji su?"

"Ban ji komai ba. Babu wanda ya kira ni."

"An harbe musu rediyo ne, wallahi. Su ne!"

"Kofur, na ce ka jira!"

Ina! Mutumin da ƙanensa ke sama cikin duhu, wane jira? Ya ruga ya ɗaga makunnin, fitilun fili suka kama zagaye da siminti. Ya kunna sandunansa, ya buɗe hannuwa ya shiga kira: zo, zo, matso. Wani baƙin abu ya keto saman shinge ba ko fitila ɗaya a jikinsa. Ya bi hannun Kofur tiryan-tiryan, fiye da duk matuƙin da ya taɓa saukewa. Kofur ya yi ƙasa da sandunan ya gicciye su a gabansa, alamar sauka. Abin ya dire.

Sai a lokacin ya lura da hularsa. Tana nan daram a kansa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jirgin nan ya san iskarsa, mai neman kayar da mutum, mai cika baki da ƙasa. Ga farfela na juyawa, ga ƙara na dukan ƙirjinsa, amma ko gefen rigarsa bai motsa ba.

Ba warin mai. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, irin ta sabon rami, haɗe da ƙarnin tsohon jini.

Ƙofar gefe ta zuge da kanta.

Mutane ne zaune a ciki, sahu biyu suna fuskantar juna, da kakin soja wanda taɓo ya bushe a kai. Hannuwansu a kan gwiwa. Kawunansu a sunkuye. A ƙarshen sahun, dab da ƙofa, kujera ɗaya ba kowa, ɗamararta a buɗe.

Ya so ya ja da baya, ƙafa ta ƙi. Ya so ya ɗaga hannu, hannuwan suka tsaya a gicciye kamar an ɗaure su da waya.

Wata murya ta zo, ba ta cikin ƙarar ba, a cikin kunnensa, a hankali.

"Kai ka sauke mu."

Addu'ar da ya iya tun yana yaro ta gudu daga kansa.

"Ba ma tashi da gurbi."

Nan take wata iska mai ƙarfi ta bugo daga sama ta fizge hular. Haske ya tsago duhu. Jirgi na biyu ne, na gaske, yana tangal-tangal, injinsa na tari. Oba-oba ta fashe da muryar matuƙi.

"Akwai jirgi a kan fili! Ku kawar da shi, manmu ya ƙare!"

"Wane jirgi?" in ji Mai Rediyo. "Fili fayau yake, Kofur ne kawai a tsaye. Ku sauka!"

"Ina kallonsa da idona! Farfelarsa na juyawa! In na sauka mun mutu gaba ɗaya!"

Sai wata murya ta karɓa, wadda Kofur zai gane ko cikin barci.

"Yaya? Yaya, kai ne a ƙasa, ina ganin sandunanka. Tashe shi mana. Muna da mutane suna zubar da jini."

Abu mai sauƙi ne. Ya buɗe hannuwa ya yi sama da su, shi ke nan, alamar tashi. Ya yi ta sau dubu. Ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, hawaye suka zubo. Hannu ko gezau.

Ƙafar dama ce ta motsa. Gaba ta yi.

Ta hagu ta bi ta.

"Yaya, me kake yi? Yaya!"

Yana jin sanyin da ke fitowa daga ƙofar. Na kusa da kujerar ya fara ɗago kai.

Wani ya cafki bel ɗinsa ta baya ya fizge shi da ƙarfin tsiya. Suka zube tare a kan tsakuwa, Baba Direba a kansa, hannunsa jiƙe da ruwan alwala, yana karatu da ƙarfi cikin kunnensa. Sandunan suka tarwatse a kan siminti, wutarsu ta mutu.

A sama injin ya yi tari na ƙarshe. Matuƙin ya karkata jirgin don kada ya faɗa kan tantuna, ya tsallake shingen da kyar, ya dire a wajen da ƙarfi har ƙasa ta girgiza.

Ba abin da ya tashi. Ƙafafun jirgin sun sauka a tsakanin nakiyoyi, ikon Allah.

Kofur ya miƙe a kan gwiwa yana hamdala, sai ya ga ƙofar jirgin su Auta ta buɗe. Ya san abin da zai biyo baya, don a kowace sauka ma'aikacin jinya ne ke fara dirowa ya jawo gadon majinyaci, ba ya jiran kowa, jikinsa ya riga ya saba.

"Kada ka sauko! Auta! Nakiya!"

Farfela ba ta gama tsayawa ba, ƙararta ta haɗiye muryar. Ya lalubi oba-oba, ta fashe a faɗuwar da ya yi. Ya lalubi sanda, ba wuta. Ya ɗaga hannuwansa da suka saku yanzu, yana kaɗa su cikin duhun da ba mai ganinsa.

Auta ya diro.

Bayan ƙarar fashewar nakiyar, sai ƙasa ta riƙa zubowa a kan rufin tantuna kamar yayyafi. A bayan Kofur, a kan simintin, ƙofar baƙin jirgin ta rufe a hankali, gurbi ya cika. Tib-tib-tib. Ba wanda ya yi masa hannu, abin ya tashi.

Sauran na cikin jirgin duk an fito da su da rai washegari, bayan masu tonon nakiya sun buɗe hanya. Manya suka zo suka yi bincike, suka ce gajiya ce ta sa matuƙi ya ga inuwa. Matuƙin ya rantse har ya gaji, daga baya ya yi shiru. Tun daga ranar sandunan wuta a ɗakin Mai Rediyo suke kwana, ba a miƙa wa kowa sai jirgi ya faɗi sunansa. Kofur kuwa aka mai da shi sito yana rabon barguna, don da ya ji ƙarar farfela hannuwansa ke gicciyewa da kansu.

An ce wani hafsa zai kira gida ya sanar, Kofur ya ce a'a, shi zai kira. Mahaifiyarsu ta saurare shi har ya gama, ba ta yi kuka ba. Can ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Kai kana ina lokacin?"

"Ina wurin, Inna," ya ce. "Ina tsaye ina kallo."